Kilo nawa na iska ya dace da tayar Hilux mai manyan haƙora?

Wani Alhaji ɗan kasuwa daga unguwar Zango a nan Damagaram ya aiko da tambaya. Yana da Hilux mai ƙofa huɗu. Ya cire tayoyin da ta zo da su, masu lamba 265/65R17, ya ɗaura masu manyan haƙora, waɗanda ake kira AT, masu lamba LT265/70R17. Mai facin da ya ɗaura su ya duba jikin taya ya ga an rubuta 80, sai ya ɗura musu 80 cif. Tun daga ranar motar take tsalle kamar ɗan akuya. Direbansa kuwa ya ce a sauke zuwa kilo biyu, tunda haka takardar jikin ƙofa ta nuna. Motar tana bin hanyar Tanut da ta Magarya, wata rana fayau, wata rana da buhunan hatsi, ranar kasuwar ƙauye kuma sai ta shiga rairayi. Wa ya fi gaskiya a cikinsu?

Alhaji, barka da kasuwa. Mai facinka da direbanka kowa ya karanta lamba ta gaskiya, sai dai duka biyun lambobin ba na halin da motarka take ciki ba ne. Bari in fara ba ka abin da za ka yi aiki da shi gobe da safe, dalilai su biyo baya. A kan kwalta, in babu kaya, ka sa kilo 2.6 zuwa 2.8 a gaba, 2.5 a baya. In ka yi lodin buhu bakwai ko takwas, ka bar na gaba yadda suke, ka ɗaga na baya zuwa 3.2, kai har 3.5 in tafiyar mai nisa ce cikin rana. Wannan shi ne wurin farawa. Daga nan motar da kanta za ta nuna maka ko a ƙara ko a rage, kuma zan faɗa maka yadda ake sauraronta.

Kafin mu yi nisa, mu daidaita ma'auni, don rabin rikicin iskar taya a garin nan daga nan yake tasowa. Mu nan muna cewa kilo biyu, kilo biyu da rabi. Wannan kilon kusan daidai yake da abin da ake rubutawa bar. Littattafan Toyota sukan rubuta kPa, inda 100 take daidai da bar ɗaya, wato 250 kPa kilo biyu da rabi ke nan. Gejin awon iska da ke shigowa ta Kano kuma galibi psi ne manyan lambobinsa, bar ɗaya kuwa psi 14.5 ne. Ka ga 80 ɗin da mai faci ya sa maka bar 5.5 ne, ya ninka abin da motarka ke nema in ba ta da kaya. Na sha ganin direba ya ce wa yaron mai faci “sa arba'in”, yana nufin psi 40, wato bar 2.8, yaro ya dubi layin ciki na geji ya sa 4.0, wanda ya kai psi 58. Kowa ya tafi yana ganin ya yi daidai. Duk lambar da zan ambata daga nan, in ban ce psi ba, bar nake nufi.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne iska ce ke ɗaukar kaya. Roba da wayoyin da ke cikinta aikinsu su riƙe iskar. Saboda haka kowace taya tana da nauyin da za ta iya ɗauka a kowane matsin iska, kuma rubutun da ke gefenta yana faɗin ƙarshen wannan lissafi ne kawai. In ka tsuguna ka karanta taka, za ka ga wani abu kamar MAX LOAD 1450 kg AT 550 kPa COLD. Ma'anarsa: in kana son taya guda ta ɗauki kilo 1,450, sai ka ba ta bar 5.5, kuma kada ka wuce haka in tana sanyi. Ka ninka 1,450 sau huɗu, ka sami tan 5.8. Hilux ɗinka da komai nata ba kaya ba ta fi tan biyu da ɗoriya ba, in ta cika maƙil kuma wajen tan uku. Babu ranar da za ta ɗora wa taya guda kilo 1,450, sai dai in an yi mata lodin da zai karya sifirin tun kafin a fita gari. Kamfanin da ya ƙera tayar bai san motar da za a sa wa ba. Taya irin taka ana sa ta a manyan a-kori-kurar Amurka da suka ninka Hilux ɗaukar kaya, shi ya sa ya rubuta iyakarta kawai ya bar sauran ga mai mota.

To direba fa, da ya nuna takardar ƙofa? Da tayar asali ce a motar, da na ce ka bi shi ido rufe. Wannan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ita ce maganar waɗanda suka ƙera motar, sun auna nauyinta gaba da baya, sun gwada birki da kwana, sannan suka rubuta. A Hilux masu 265/65R17 sau da yawa za ka ga 2.0 in babu kaya, da wajen 2.5 a baya in an yi lodi. Amma sun rubuta hakan ne don tayar da suka ɗaura, mai lambar nauyi 112, irin ta ƙananan motoci ce, sai dai an yi ta babba. Taka kuwa tana da harafin LT a gaba, jikinta ya fi kauri, an yi ta don ta riƙe iska mai yawa. Irin waɗannan ajinsu uku ne muka fi gani: C mai ƙarfin ninki 6 da ke tsayawa a psi 50, D mai ninki 8 a psi 65, sai E mai ninki 10 a psi 80, wadda ita ce taka.

Ga abin da ke ba mutane mamaki. Ana zaton tunda taya ta fi kauri, ko da iska kaɗan za ta ɗauki kaya fiye da siririyar. Akasin haka ne. Tayar asali mai lamba 112 tana ɗaukar kilo 1,120 a bar 2.5. Ita LT265/70R17, a jadawalin nauyi da iska da masu ƙera taya ke aiki da shi, a bar 2.4 kilo 857 take ɗauka, a 2.8 wajen 940, a 3.1 wajen 1,020, sai ta kai 3.5 sannan ta kamo 1,120 ɗin nan. Wato kilo guda cur na iska take nema a kan ƴar'uwarta kafin ta yi aiki iri ɗaya. Dalili kuwa, kaurin nan nata in yana lanƙwasa yana miƙewa ya fi tara zafi, kuma zafin ya fi wuyar fita. Jadawalin ma daga 2.4 yake farawa, bai san da wata lamba ƙasa da haka ba ga mai gudu a kan kwalta. Kilo biyun direbanka ya faɗo ƙasa da jadawalin gaba ɗaya.

Yanzu mu yi lissafin kayanka. Mu ɗauka motar ba kaya, da kai da direba da tanki cike da gazuwal, ƙafafun gaba suna ɗauke da kilo 1,200, na baya 900. Kowace tayar gaba 600 ke nan, ta baya 450. Ka ga 2.5 zuwa 2.8 ya wadatar har da rara. Sai ka je Magarya ka ɗora buhun gero takwas, kowanne kilo 100. A mota mai ƙofa huɗu, akwatin kaya yana zaune ne a kan ƙafafun baya, wani sashensa ma ya zarce su, don haka kusan duk 800 ɗin nan baya suke sauka. Ƙara yara biyu masu lodi da suka haye saman buhu, da jarkar ruwa, baya ta kai 1,850, kowace taya kilo 925. A takarda 2.8 ya ɗauka, amma da ƙyar, babu sarari ko kaɗan. Kuma lodi ba ya zama daidai a tsakiya, hanya ma tana da gangare gefe guda, sai ka tarar taya ɗaya tana ɗauke da dubu, ɗayar 850. Shi ya sa na ce 3.2, in rana ta take kuma hanya da nisa 3.5. In ka sami hali ka hau sikelin manyan motoci sau ɗaya da irin lodin da ka saba, ƙafafun gaba daban, na baya daban, ka huta da kintace har abada.

Abu guda kada tayar nan ta ruɗe ka da shi: ƙarfinta bai ƙara wa motar ƙarfi ba. Sifirin, birki da ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya suna nan yadda suke. Iyakar nauyin da aka buga a farantin motar ita ce iyaka, ko da taya tana iya ɗaukar ninkinsa.

Tsakanin kuskuren mai faci da na direba, na direba ne ya fi ba ni tsoro. Yawan iska yana cin kuɗi, ƙarancinta da kaya da gudu yana cin rai. Duk zagayen da taya ta yi, gefenta yana lotsawa in ya zo ƙasa, ya miƙe in ya tashi. A gudun kilomita 100 cikin awa, taya mai girman taka tana zagayawa wajen sau 11 a daƙiƙa guda. In iska ta yi kaɗan lotsawar tana yawa, roba ta yi ta ɗumama daga ciki, har mannin da ya haɗa wayoyin ƙarfe da roba ya fara saki. Ba a ganin komai daga waje. Wata rana tsakanin matatar mai ta SORAZ da Tanut, da azahar a watan Mayu, kwalta tana ƙona tafin ƙafa, sai ka ji ta yi bindiga, ko haƙoran su kwaɓe gaba ɗaya kamar ɓawon ayaba. Sai a ce taya ba ta da kyau, ko tsautsayi ne. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ɓarnar kuma ba ta gyaruwa, tayar da ta taɓa dahuwa ko an cika ta da iska daga baya raunin yana nan.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ya faru ba. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, irin ATX da Wilderness AT, akasarinsu a kan motar Ford Explorer, bayan haƙoransu sun yi ta kwaɓewa a kan gudu motoci suna kifewa. Fiye da mutum 200 suka rasu. Haɗurran sun fi yawa a jihohi masu zafi, an kuma ga irinsu a Saudiyya da Benezuwela. An yi ta jayayya kan laifin ƙira ne ko na mota, amma iska tana tsakiyar rigimar: Ford ya rubuta psi 26, wato bar 1.8, Firestone ya ce 30 ya kamata. Bambancin bai kai sulusin kilo ba. Daga wannan ne Amurka ta yi dokar da ta sa tun 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota take zuwa da fitilar gargaɗin iskar taya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, balle mu da zafinmu ya wuce digiri 40 a bazara.

Shi kuwa 5.5 da kake kai yanzu, ka riga ka ji aikinsa a ƙugunka. Taya ta zama dutse, tsakiyarta kawai ke taɓa ƙasa, nan za ta cinye ta bar gefuna sababbi. Birki ba ya kamawa yadda ya kamata, musamman baya in babu kaya, ga shi a kan gargada bayan motar yana ta zillo yana neman wuce gaba. Dukan da taya ya kamata ta shanye, shokazoba da kusoshin jiki ne ke shan sa. Kuma taya mai tauri in ta hau dutse mai kaifi ba ta lotsa ta rungume shi, sai ya huda ta.

Duk lambobin nan na taya mai sanyi ne, wato motar ta yi aƙalla awa uku a tsaye, ko ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita biyu ba. Mafi kyau da safe bayan asuba, kafin rana ta bugi gefe guda. In ka auna da hantsi a fili, tayoyin da ke fuskantar rana za su nuna fiye da na inuwa, ka rage musu a banza. Iska tana hawa ko sauka da wajen 0.1 a duk digiri 10 na zafi, don haka abin da ka daidaita a watan Afrilu zai nuna ƙasa da haka da sanyin safiyar Janairu ko babu huda. Taya lafiyayya ma tana zubar da kusan 0.1 a wata ta jikin roba. Awo sau biyu a wata, da kuma safiyar kowace doguwar tafiya, ya isa.

Akwai wata ɗabi'a ta direbobinmu da nake roƙonka ka hana naka. Mutum ya taho daga Agadas, ya tsaya a Tanut shan shayi, ya taɓa taya ya ji zafi, ya sa geji ya ga ta hau, sai ya sa tsinke a bawul ya rage “don kada ta fashe”. Hawan nan al'ada ce, masu ƙira sun san da shi sun bar masa wuri. In ka rage, taya ta ƙara lotsawa, ta ƙara zafi, ta sake hawa, ka sake ragewa a gaba, da hannunka kake kai ta inda kake gudu. Tayar da ta yi zafi fiye da kima inuwa take so da rage gudu, ko ƙarin iska.

Hawan nan ma shi ne hanyar sauraron motar da na ce zan faɗa maka. Ka auna da safe ka rubuta. Ka yi tafiyar awa guda a kan kwalta da gudun da ka saba, misali daga nan ka miƙa hanyar Maraɗi ko ta Gure, ka tsaya ka auna nan take. In ta hau da 0.3 zuwa 0.4, kana daidai. In ta hau da 0.6 ko fiye, iskar farko ta yi kaɗan ga wannan kaya, gobe ka ƙara 0.2. In da ƙyar ta motsa, ta yi yawa. Wannan dabarar direbobi ce, ba doka ba, kuma ranar da zafin gari ya tashi sosai tsakanin safe da rana sai ka yi mata rangwame. Amma ni ta fi min amfani a kan komai. Wasu suna shafa alli a faɗin haƙoran taya su yi tafiyar mita hamsin a miƙe, in tsakiya kawai ya goge iska ta yi yawa, in gefuna ne ta yi kaɗan. Yana nuna yadda taya ke zama a ƙasa, amma bai san zafi ba, don haka kada alli ya sa ka sauka ƙasa da abin da jadawalin nauyi ya ba ka.

In ka sauka daga kwalta ka hau burji mai gargada, ka rage kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na abin da kake da shi. Ba kaya, wajen 2.2 ke nan. Motar za ta lafa, haƙoranka su daina kaɗawa, tsakuwa ta rage sarar taya. Sharaɗin shi ne gudu ya sauka tare da iskar, kada ka wuce 70. In burjin kilomita biyar ne ko goma, bai kai a tsaya ba, rage gudu kawai ka wuce. In kuma da cikakken lodi ne, na baya kada ka taɓa su sosai, nauyin yana nan bai san an canja hanya ba.

Rairayi shi ne inda iska ke yin abin al'ajabi. Mutanenmu da yawa in mota ta fara nutsewa sai su ƙara wuta, tayoyi su haƙa rami, mota ta zauna a kan cikinta, a kwana ana tono. Alhali in ka sauke iska zuwa 1.2 ko 1.4, sawun taya a ƙasa yana ƙara tsawo sosai, nauyin ya bazu, motar ta riƙa tafiya a saman yashi maimakon ta riƙa ture shi a gabanta. Dubi tafin raƙumi ka dubi kofaton jaki, ka san wanda rairayi ke ƙauna. Tayar E irin taka da yake gefenta da tauri, a 1.8 da ƙyar za ka ga ta canja, sai ta sauko wajen 1.4 take fara shimfiɗuwa. Ka rage tun a bakin yashin, kafin ka kafe, ka sa giyar ƙafa huɗu, ka tafi da ƙarfi ɗaya ba fizga. Gudu kada ya wuce 30 zuwa 40, kwana kuma a yi ta da faɗi, don iska ce ke danne bakin taya a jikin ƙarfenta, in ta yi ƙasa ka murɗa sitiyari da ƙarfi sai bakin ya zame iskar ta fice gaba ɗaya. Ƙasa da 1.0 na fitar da motar da ta riga ta kafe ne kawai, mita kaɗan, sannan a mayar. Da kaya masu nauyi, na baya su tsaya a 1.6 zuwa 1.8. Kuma yashin safe da ya sha sanyi ya fi ɗaukar mota a kan na azahar da ya bushe ya saki, duk mai zuwa wajen Tasker ya san wannan.

Sai dai rage iska rabin aiki ne. Shekarun baya ina tuƙa wa wata ƙungiya, muka fito daga wani ƙauye arewacin Gure da iska 1.3, muka hau kwalta da la'asar. Injin hura iskarmu ya ƙone tun da rana, abokin tafiyata yana sauri ya riski wani taro, ya ce ai gari ba nisa. Na biye masa, na taka har 90. Ba mu yi rabin awa ba na ji warin roba, na tsaya, tayar baya ta dama ba ta taɓuwa don zafi. Ba ta fashe ranar ba. Bayan sati biyu ta kwaɓe a hanyar Mirya, motar ba kaya, iskarta daidai. Da aka cire ta, cikinta cike yake da garin roba baƙi kamar an niƙa gawayi. Tun daga nan ba na rage iska sai na tabbatar da abin mayar da ita yana cikin mota kuma yana aiki. Ka sayi injin hura iska mai kama batir kai tsaye da ƴan maƙalai, ƙananan nan masu shiga ramin kunna sigari ba sa jure cika manyan tayoyi huɗu a jere. Famfon ƙafa ma ya fi babu. In dole ta sa ka hau kwalta da iskar rairayi, ka tafi da 40 har wurin mai faci na farko.

Wajen duwatsu, irin na kewayen Birni da hanyoyin da ruwa ya zaizaye, 1.8 da tafiyar hawainiya yana sa taya ta rungumi dutse. A taɓon damina ragewa kaɗan tana taimakawa, amma ba kamar a yashi ba. Inda nake taka-tsantsan shi ne gonaki bayan girbi da dajin da aka sare: taya mai ƙarancin iska tana fitar da ciki gefe, kututturen gero ko ƙayar aduwa kuma gefen suke nema, inda babu wayar ƙarfe. Hudar tsakiya ana facinta, yagewar gefe kuwa taya ta tafi.

Duk wannan magana ba ta da amfani in gejin ƙarya ake aunawa da shi. Na wurin masu faci yana faɗuwa cikin yashi sau goma a yini, na taɓa gwada uku a layi ɗaya kowanne da abin da ya faɗa. Ka sayi naka, mai kai bar 6 ko 7, ka ajiye shi cikin akwatin gaban mota, ko'ina aka sa maka iska ka auna da shi. Bugun taya da ƙarfe ko danna ta da yatsa ba awo ba ne, ido ma ba ya raba 2.0 da 2.8 a irin wannan taya. Ka kuma sa a duba bawul. Na roba da aka saba sawa iyakarsa wajen bar 4.5 ne, kai kuwa an ɗura masa 5.5 ya yi kwanaki a haka, ni da zan canja su duka huɗu, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Murfin bawul kuma kada a raina shi a garin da ƙura ke shiga ko'ina. Masu tallar iskar naitirojin kada su ɗauke maka hankali, iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari ita ce.

Ban sani ba ko sababbi ka saya ko na hannu. Ka nemi rubutun da ya fara da DOT a gefen taya, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekarar ƙira: 2319 na nufin sati na 23 a 2019. In ta haura shekara shida, ko ka ga ƙananan tsaga a gindin haƙora, ka bi saman lambobin da na ba ka, ka kuma rage yawan sauke ta a rairayi, tsohuwar roba ba ta son lanƙwasa. Tayar ajiya ka cika ta 3.5, ragewa a daji ya fi ƙarawa sauƙi. Ka tabbata ita ma girman sababbin ce, don in ta asali ka bari a ƙarƙashin mota, ta fi su gajarta, a giyar ƙafa huɗu kuma hakan yana wahalar da mota.

Gajartar nan ta tuna min wani abu da mai facin bai faɗa maka ba. Tayar asali tsayinta wajen milimita 776 ne, sabuwar 803. Agogon gudu yana ƙirga zagaye ne, bai san ka canja ba, don haka duk abin da ya nuna ka ƙara masa kashi uku da ɗan wani abu cikin ɗari a kan yadda yake nunawa a da. Kilomitocin da yake tarawa ma sun ragu da haka, in za ka yi lissafin shan gazuwal da direbanka sai ka sa wannan a ciki kafin ka zarge shi.